Kama da Wane Ba Ta Wane: Neman Wilin Bitil na Asali

Idan ana yabon tsohuwar mota, akan fara da fentinta, a gangara kan kujerunta, sa'an nan a tayar da inji a saurari yadda yake numfashi. Da wuya a ga wanda ya durƙusa ya dubi wili, wato ƙarfen nan da taya ke zagaye da shi, alhali kuwa nauyin motar da na waɗanda ke cikinta duk a kansa yake. Taya takan ƙare a sake ta, fenti yakan koɗe a sabunta shi, inji ma akan sauke shi a yi masa garambawul, amma wili, in ba hatsari ya same shi ba, yakan yi shekara hamsin yana juyawa ba wanda ya tambayi daga ina ya fito. Wannan rashin kula shi ya sa ta nan aka fi cutar masu tsofaffin motoci. Abin da muke so mu yi a wannan ɗan rubutu shi ne mu bayyana wa mai karatu yadda ake gane wili na asali na ƙaramar motar nan Volkswagen Beetle, wadda muke ce wa Bitil, Yarbawa kuma suke ce mata Ijapa, wato kunkuru, tare da dalilin da ya sa mu, da aikinmu karantar da adabi ne, muka tsunduma cikin wannan nema.

Ya kamata mu fara da ɗan tarihin motar, domin wanda bai san shekarunta ba ba zai san ƙafarta ba. Ferdinand Porsche ne ya tsara ta a Jamus a cikin shekarun 1930, aka kuma aza harsashin masana'antarta a 1938 a garin da yanzu ake kira Wolfsburg. Ba ta bazu a duniya ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Fabrairu na 1972 yawan waɗanda aka ƙera ya zarce na Ford Model T, wadda a da ita ce kan gaba a yawa. An daina ƙera mai rufaffen sama a Jamus a watan Janairu na 1978, amma Barazil da Meziko suka ci gaba, har ranar 30 ga Yuli, 2003 da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ta Meziko, bayan an ƙera fiye da miliyan 21 da rabi. Motar da aka yi sama da shekara sittin ana ƙerawa a ƙasashe daban-daban, tilas ne kayanta su yi yawa, su kuma yi kama da juna ba tare da sun zama abu ɗaya ba.

A nan Nijeriya an fara haɗa Bitil a 1975 a masana'antar da ke Ojo, kan hanyar Legas zuwa Badagiri, a shekarar da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. Shekarar ce kuma ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashin nan na Udoji, aljihu ya yi nauyi, malamin makaranta da akawu suka shiga sahun masu mota. A Ojo ɗin ne kuma aka riƙa haɗa wata ƙanwarta 'yar Barazil mai suna Brasilia, wadda aka laƙaba wa suna Igala a nan. Saboda haka a kan hanyoyinmu an sami Bitil 'yar Jamus, da wadda aka haɗa a gida, ga Igala, ga kuma Kombi da ta zama danfo a Legas. Bayan darajar naira ta faɗi daga 1986, sabbin kayan gyara suka yi tsada, sai kowane makanike ya koma ga dabara, yana cire na wannan yana liƙa wa waccan. Daga nan ne asali ya fara ɓacewa.

Tamu Bitil ɗin gado ce. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya saye ta a 1975 daga hannun wani Bature abokin aikinsa da zai koma gida, kuma a cikinta aka ɗauko mu daga asibiti ranar da aka sallami mahaifiyarmu bayan haihuwarmu. Lambar shasinta, wadda aka buga a kan ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar baya, ta fara da 114. A tsarin Jamus na wancan lokaci, lambobi biyun farko suna nuna nau'in motar, ta ukun kuma tana nuna shekarar ƙira, ita kuwa shekarar ƙira a wurinsu daga watan Agusta take farawa. Ke nan an ƙera motarmu tsakanin Agusta 1973 da Yuli 1974. Bayan rasuwar tsohon ta yi shekaru a ajiye a wani gareji kafin magada su amince mu taho da ita nan Kudu inda muke aiki. Da aka sauke tayoyinta don a sa sababbi, sai muka tarar uku daga cikin wili biyar, har da na safaya da ke cikin bonet, iri ɗaya ne, na huɗu ya fi su siranta, na biyar kuwa babu ko harafi ɗaya a jikinsa, ga kuma tsaga siririya kamar gashi ta taso daga bakin huda ɗaya. A wannan motar muke nufin ɗaukar 'ya'yanmu, saboda haka batun ya wuce na ado.

Wanda ya zama malaminmu a wannan fage wani dattijon makanike ne Bayarabe, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Sabon Garin Kano, Hausa kuma a bakinsa kamar jakin Kano. Ranar farko da muka kai masa wilin nan biyar ya jera su a ƙasa, ya dube mu ya ce, "Dakta, kafin ka fita kasuwa sai ka san abin da kake nema, don in ka ce orijina kawai, kowa orijina zai ba ka." Muka ce, "To Baba, ai shi ya sa muka zo." A bayaninsa, wili iri huɗu ne. Akwai wanda motar ta fito da shi daga masana'anta. Akwai ɗan kamfani na gaskiya, amma na wata shekara ko na wata mota. Akwai sabon kwaikwayo wanda maƙerinsa ya buga sunansa a jiki bai ɓoye ba. Sa'an nan akwai jabu, wanda aka yi wa kwalliya don a ce shi ne na farko. Dukkan gwajin da za mu ambata a ƙasa hanya ce ta sanin a wane ɗaki daga cikin huɗun nan wili yake kwana.

Gwajin farko shi ne ƙirga hudojin noti da auna tazararsu. Tsofaffin Bitil na Jamus huda biyar gare su, a jere bisa da'ira mai faɗin milimita 205, da ƙatuwar ƙofa a tsakiya wadda ake hango durom ɗin birki ta cikinta. Daga watan Agusta na 1967 yawancinsu suka koma huda huɗu bisa da'ira mai faɗin milimita 130, ko da yake Barazil ta ci gaba da mai huda biyar a wasu motocinta har cikin shekarun 1970. Auna mai huda huɗu ba wuya, sai a ɗora tef daga tsakiyar huda zuwa tsakiyar wadda ke fuskantarta, a ga ko ya ba da 130. A mai huda biyar babu hudar da ke fuskantar wata, don haka akan auna tsakanin biyu maƙwabta, a sami kimanin milimita 120. Amfanin wannan awo a ƙasarmu babba ne, domin wilin Peugeot 504 shi ma huda huɗu gare shi, sai dai da'irarsa milimita 140 ce, kuma mun ga wanda aka zauna da magagari aka ja hudojinsa ciki har ya shiga Bitil. Duk hudar da ta tashi daga zagaye ta koma kamar ƙwai, hannu ya taɓa ta ko kuwa noti ya daɗe yana rawa a cikinta, kuma ko wanne ne daga ciki, a bar wa mai shi kayansa.

Gwaji na biyu shi ne girma da faɗi. Bitil ta fara da wili mai inci 16, a watan Oktoba na 1952 ta koma inci 15, a kan haka kuma 'yan Jamus suka tsaya. Wilin Igala inci 14 ne, alhali hudojinsa huɗu ne bisa milimita 130, saboda haka yana hawa Bitil lafiya lau, notuna su ɗauru, mai mota ya tafi yana murna bai san an rage wa motarsa tsawo ba. Haka kuma wilin tsohuwar Kombi mai huda biyar yana hawa tsohuwar Bitil, shi ma daga tsakiyar shekarun 1960 inci 14 ne. Faɗin kuwa ya daɗe a inci 4, a farkon shekarun 1970 aka ƙara shi zuwa 4 da rabi. A lura cewa faɗi daga ciki ake auna shi, tsakanin leɓuna biyun da bakin taya ke jingina da su, domin wanda ya auna daga waje zai sami ƙarin kusan inci guda, ya rikita kansa. Na huɗun nan namu da muka ce ya fi 'yan'uwansa siranta, da aka auna shi inci 4 ya bayar, ɗan kamfani ne na gaskiya, amma ya girmi motar da shekara biyar.

Akwai awo na uku da mutane ba su cika sani ba, wanda Jamusawa ke rubutawa da haruffa biyu, ET, sa'an nan lamba ta biyo baya. Lambar tana nuna yawan milimitar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne wa durom, wato ita ke faɗar ko tayar za ta shige ciki ko za ta turo waje. Idan babu rubutu, sai a kifar da wilin, a gitta miƙaƙƙen katako a kan leɓensa na baya, a auna daga katakon zuwa fuskar da ke manne wa durom, sa'an nan a ɗebe rabin faɗin wilin na waje daga abin da aka samu. Ukun nan namu 34 aka buga musu, siririn kuwa 40. Milimita 6 ba ta da yawa a ido, amma idan ƙafar dama da ta hagu suka bambanta a gaba, sitiyari ba ya samun daidaito, idan kuma bambancin ya yi yawa taya takan goge jikin mota a kwana, boris ya riƙa ɗaukar nauyin da ba a tsara masa ba.

Daga nan sai hatimi, wanda shi ne ya fi jan hankalinmu. Kamfanin Volkswagen yakan sayi wili daga maƙera na musamman, kowannensu kuma yana buga shaidarsa. A Jamus akwai Kronprinz na garin Solingen, wanda ke buga haruffan KPZ, akwai kuma Lemmerz na Königswinter. A Barazil akwai irin su Fumagalli da Borlem. Ban da sunan maƙeri, akan buga tambarin VW a cikin ɗan da'ira, da girman wilin, alal misali 4½J x 15, da wata da shekarar da aka ƙera shi, da kuma lambar kaya. Lambar kayan wilin Bitil takan zo kamar 111 601 025, da harafi a ƙarshe mai nuna sauyin da aka yi wa ƙirar. Ukun farko nau'in mota ne, shidan da ke biye rukunin ƙafa da birki ne. Akan sami waɗannan rubuce-rubuce a fuskar wilin tsakanin hudojin notuna, wani lokaci kuma a cikin kwarin da taya ke rufewa, saboda haka wanda ya sayi wili da taya a jikinsa bai sa an sauke ta ba, cinikin biri a sama ya yi. Sau da yawa fenti bisa fenti ya binne rubutun, sai an bi shi a hankali da samfefa mai laushi da ɗan kananzir kafin ya bayyana.

Samun hatimi kaɗai ba ya kashe magana, sai an karanta shi da lura. Hatimin masana'anta inji ne ya danna shi lokaci guda, don haka haruffansa a layi ɗaya suke, zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Wanda aka buga da hannu, harafi bayan harafi da guduma, za a ga wani ya nutse wani ya taso, wani ya karkace, ƙarfen da ke gefensu kuma sabo fil alhali sauran jikin ya tsufa. Sa'an nan dole kwanan wata ya yi ma'ana. Wilin da mota ta fito da shi yakan riga ta haihuwa da makonni ko 'yan watanni, kuma 'yan'uwansa ba su yi masa nisa ba. Namu ukun duk watan 2 na 1974 aka buga musu, abin da ya dace da lambar shasi. Wanda yake son tabbaci fiye da wannan yana iya neman takardar shaida daga kamfanin a Jamus, wadda ke faɗar ranar da motar ta fito. Mu da muka saba da tsofaffin rubuce-rubucen ajami, wannan aiki bai zo mana baƙo ba. Idan aka kawo mana waƙa aka ce marubucinta da kansa ya rubuta wannan kwafi, mukan ɗaga takardar a hasken rana mu nemi alamar da ke cikin jikinta, kamar jinjirin wata ukun nan na takardun Italiya da suka cika ƙasar Hausa a ƙarni na 19. In takardar ta zo duniya bayan rasuwar wanda aka ce ya yi rubutun, magana ta ƙare, komai kyan hannun.

Siffa ma tana ba da shaida. Har zuwa tsakiyar 1965 wilin Bitil rufaffe ne, daga ƙirar 1966 aka huda masa tagogi don iska ta riƙa sanyaya birki, aka kuma rage tudun marfin wili, wanda makanikai ke ce wa wilkoba. A mai huda biyar, wasu 'yan ƙarafuna biyar masu tsauri ne da aka kafa a fuskar wilin ke riƙe marfin. A mai huda huɗu kuwa babu su, wasu 'yan ƙusumbi ne da aka turo daga jikin ƙarfen marfin ke kamawa. Kwaikwayo da yawa a nan suke tona asirin kansu, domin marfi na asali ko dai ya ƙi shiga, ko ya shiga ya faɗo a ramin farko. Saboda haka duk inda za mu je neman wili mukan tafi da marfi ɗaya da kuma ɗaya daga cikin ukun nan namu, mu jera su gefe da gefe, mu ƙirga tagogi, mu duba siffarsu, mu kuma ɗora su a sikeli, domin wanda aka yi da siririn ƙarfe ba ya iya ɓoye rashin nauyinsa.

Abin da ya fi kowanne hatsari shi ne mazaunin noti, kuma a nan ne batun asali ya zama batun rai. Bitil ba ta da ƙusoshi a tsaye a jikin durom irin na yawancin motoci. Notinta dogo ne mai zare, ta cikin wili yake wucewa ya shige durom, kaurinsa milimita 12 a mai huda biyar, 14 a mai huda huɗu. Kafaɗar wannan noti a zagaye take kamar gefen ƙwallo, bakin hudar wili na asali kuma an loɓa shi kamar ƙoƙo don ta zauna daram. Wasu maƙeran kwaikwayo kuwa bakin hudarsu a miƙe yake kamar mazurari. Idan aka haɗa kafaɗa mai zagaye da baki mai siffar mazurari, a kan wani siririn layi kaɗai suke taɓa juna. Ranar da aka ɗaure za a ji ya yi tauri, amma da tafiya ta yi tafiya sai ƙarfen ya ci, noti ya saki, huda ta faɗaɗa, tsaga ta taso. Abin da ya sami na biyar ɗinmu ke nan. Injin Bitil a baya yake, nauyi ya fi yawa a ƙafafun baya, kuma wanda ya taɓa ganin mota ta zubar da ƙafa a kan babbar hanya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a shafa alli a kafaɗar notin, a zaunar da shi a hudar a murza da hannu, a cire a duba. In allin ya goge ko'ina, sun dace. In zobe siriri kaɗai ya fita, ba su dace ba.

Da wannan ilimi muka shiga kasuwannin kayan mota, daga Ladipo ta Legas zuwa Agodi ta Ibadan, muka kuma aika saƙo wurin 'yan'uwa su duba mana Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Mun haɗu da 'yan kasuwa masu gaskiya da suka ce mana kai tsaye sun daɗe rabonsu da ganin irinsa, mun kuma haɗu, a wani wuri dabam, da wanda ya ajiye mu a benci ya ce mu ba shi awa ɗaya, ya dawo da wili yana ƙamshin sabon fenti, KPZ ɗin da ke jikinsa kuma harafin tsakiya ya fi sauran nutsewa. Wanda ya fi ba mu mamaki ba a kasuwa muka gan shi ba. A wata makarantar firamare ta ƙauye, inda muka je duba ɗalibanmu, muka ga wili a rataye a reshen mangwaro, shi ne ƙararrawar makaranta. Ƙararsa ce ta fara kiran mu, domin lafiyayyen wili in an rataye shi aka buga yakan yi amo mai tsawo, mai tsaga ko wanda aka cike da foti kuwa yakan yi wata gajeruwar ƙara kamar an bugi kwano a cikin ruwa. Da muka kankare shi da izinin shugaban makarantar, sai ga 4½J x 15, ga ET 34, ga shekarar 1974. Muka saya musu ƙararrawa ta tagulla, suka ba mu shi da murna.

Baba ya karɓe shi ya juya, ya ɗaura shi a ƙafar gaba ba taya, ya kafa ƙusa a kan bulo dab da leɓensa, ya wulwula. Leɓen yana matsowa yana ja da baya a gaban ƙusar kamar mai rawa. Ƙa'ida ita ce kada wannan kai-da-kawowa ya wuce milimita ɗaya da rabi, wannan kuwa ya ninka haka sau da yawa, saboda shekarun da ya yi yana shan duka a gefe ɗaya sau biyar a yini. Baba ya ce, "Dakta, ɗan halal ne, amma ya gama aiki. In ka sa an gasa shi da wuta an miƙe, zai yi kyau a ido, ƙarfen kuma ya mutu." Muka ce, "Baba, ba dabara?" Ya ce, "Dabarar ita ce ka rataye shi a gida." A ranar muka fahimci cewa tambaya biyu ake yi wa tsohon wili, ta asali da ta lafiya, kuma amsar ɗaya ba ta wadatar da ɗaya. Ban da karkata, akan duba tsatsar da ke cin kwarin ciki inda ruwa ke kwanciya, da wurin da aka haɗa faranti da zobe, a kuma bi jikin da mayen ƙarfe, domin duk inda ya ƙi kamawa sosai foti ne a ƙarƙashin fenti.

Bayan wata bakwai muka sami na huɗu, a bayan gidan wani tsohon malamin asibiti da Bitil ɗinsa ta ruɓe a tsaye, wilin safayarta kuwa yana cikin bonet bai taɓa taka ƙasa sosai ba. Watan 11 na 1973 aka buga masa. Ba shi motarmu ta fito da shi ba, amma sa'anta ne, kuma ya ci kowane gwaji. A gurbin safaya muka sa sabon kwaikwayo mai sunan maƙerinsa a jiki, bayan mun tabbatar da awonsa da mazaunin notinsa, muka kuma rubuta haka a littafin motar domin wanda zai gaje ta. Ba mu ga aibin kwaikwayon da ya faɗi sunansa ba, hasali ma ya fi tsohon da tsatsa ta cinye aminci. Wanda muke ƙi shi ne wanda ya ari sunan wani, domin mai sayensa yakan ba shi amanar da bai cancanta ba, ya ɗaura shi da notin da bai dace da shi ba, ya ɗebi iyalinsa ya hau hanya.

Abin da ya rage mana damuwa shi ne yadda waɗannan kaya ke ƙarewa. 'Yan gwangwan suna bi gida-gida suna saye da kilo, a kai kamfanin narka ƙarfe a mai da su rodi. Waɗanda suka tsira sun zama murhun gawayi a wurin mai shayi, ko an cika su da siminti an kafa sandar allon talla. Ba mu zargi kowa ba, domin mai neman abinci ba ruwansa da watan 2 na 1974. Amma dattawan da suka san waɗannan alamomi da ido da kunne suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, yaransu kuma sun koma kan motocin da ake bincika da kwamfuta, ilimin kuwa ba a rubuce yake da harsunanmu ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu ajiye wannan kaɗan a nan.

Shawararmu ga ɗalibi ko abokin aiki da ke da irin wannan mota a gidansu ita ce, kafin a kira mai gwangwan, a ɗaga kujerar baya a karanta lambar shasi, a sauke wili ɗaya a kankare tsakanin hudojinsa a rubuta abin da aka gani. Wanda kuma zai saya, ya tafi da tef da alli da mayen ƙarfe da noti ɗaya na motarsa, kada ya ji kunyar durƙusawa a gaban mai kaya, kada kuma ya yarda a hanzarta shi. Allah ya kiyaye mu a hanya, ya kuma ji ƙan waɗanda suka bar mana abin hawa.